Wace na'urar lissafi zan saya don gane wuri da rana da taurari? Tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Tun da aka fara ganina a kan soro da la'asar, ga kwanon baƙin mai a gabana, ga wani abu mai madubai a ido, ga kalkuleta a cinya, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu daga tsofaffin ɗalibaina na lise, wasu daga direbobin hanyar Agadas, har da wani dattijo maƙwabcina da ya zaci duba na koma yi bayan ritaya. Tambayar da ta fi yawa ita ce wace kalkuleta za a saya. Na tattara ta nan tare da ƴan uwanta, domin amsarta ba ta fitowa sai an bi ta kansu.

Malam, mu da ba mu da teku, me ya haɗa mu da lissafin matuƙan jirgin ruwa?

Wanda ya taɓa wuce Agadas ya nufi Fashi da Bilma ba zai yi wannan tambayar ba. Tenere teku ce da babu ruwa. Madugan ayarin gishiri sun daɗe suna bin taurari a cikinta, har Abzinawa suna kiran wani gungun taurari Amanar, wato jagora. Bambancin shi ne madugu yana karanta ɓangaren da zai dosa, ya haɗa da sanin rairayi da iska da ya gada. Lissafin da nake magana a kai wuri yake ba ka da alƙaluma: latitud kaza, lonjitud kaza, ka ɗora a taswira.

Kuma an yi amfani da shi a kan tudu. A yaƙin duniya na biyu, daga 1940, wata rundunar sojan Ingila da ke ratsa saharar Libiya da motoci tana tsayawa da dare, ta auna taurari da na'urar masu awon fili, ta ɗauki lokaci daga rediyo, ta san inda take. Ko a zamanin nan, makarantar hafsoshin ruwa ta Amurka ta maido da koyar da shi a 2015, bayan shekaru da ajiye shi, saboda ana iya toshe GPS ko a ruɗe shi.

Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauki kalkuleta ya shiga daji shi kaɗai. Ba ta maye gurbin jagora, ba ta maye gurbin ayari da jarkokin ruwa. Ni don sha'awa nake yi, da kuma don yara su ga cewa sin da cos ba don jarrabawa kawai aka ƙirƙire su ba.

Ba duba ba ne?

A'a, Baba. Babu wanda zan gaya wa ranar aurensa. Awo ne da hisabi, irin wanda ake fitar da jadawalin lokutan salla da shi. Aya ta 16 ta Suratun Nahli ma ta ambaci shiryuwar matafiya da tauraro.

To wane aiki ne takamaimai kalkuletar take yi?

Ka ɗauki akuya ɗaure a turke, ta ja igiyarta ta miƙe. Ba ka ganinta, amma ka san inda turken yake, ka san tsawon igiyar. Ka san ke nan tana wani wuri a kan da'irar da ke kewaye da turken. In an ɗaure ta da igiya biyu a turke biyu, duka a miƙe, to tana inda da'irorin biyu suka haɗu.

Haka abin yake. A kowane lokaci akwai wuri guda a doron ƙasa da rana take tsaye cak a tsakiyar ka. Wannan shi ne turken, kuma kundin da ake kira almanak yana faɗin inda yake a kowace awa ta shekara. Tsawon igiyar kuma sekistan ke ba ka shi, wato na'urar madubai da ke auna yadda rana ta ɗaga daga ufuƙi, inda sama ta haɗu da ƙasa. In ta ɗaga digiri 90, kana kan turken. Duk minti ɗaya na kusurwa da ta ragu, ka nisanta da mil ɗaya na teku, mita 1852 ke nan.

Da yake da'irar ta fi ƙarfin kowace taswira girma, akan bi dabarar da wani hafsan ruwan Faransa, Marcq Saint-Hilaire, ya wallafa a 1875. Ka ƙiyasta inda kake. Ka lissafa tsayin da rana ya kamata ta yi in da gaske kana wurin. Ka gwada da abin da ka auna. Bambancin ya gaya maka mil nawa za ka matsa wajen rana ko ka ja baya, sai ka ja layi. Awo na biyu bayan wasu awoyi ya ba ka layi na biyu, mahaɗarsu ita ce wurinka.

Aikin kalkuleta shi ne wancan "ya kamata". Ga shi:

sin H = sin L × sin d + cos L × cos d × cos t

H tsayin da rana ya kamata ta yi, L latitud ɗin da ka ƙiyasta, d nisan rana daga layin tsakiyar duniya, arewa ko kudu, t kuma kusurwar da ke tsakanin layinka da layin turken, ana ƙirga ta zuwa yamma. A almanak za ka ga ginshiƙi biyu, GHA da Dec. Na biyun shi ne d. Na farkon kuma, mu da ke gabas da Girinic, wurin da ke Ingila da ake fara ƙirga lonjitud daga kansa, lonjitud ɗinmu muke ƙara masa mu sami t. Sai lissafi na biyu da ke ba da ɓangaren da rana take. Iyakar abin ke nan. Duk wata na'ura mai tsada da za a tallata maka, wannan layin ne a cikinta, sauran kayan ado ne da sauƙaƙawa.

Ashe ba dole ba ne sai mai ɗaukar furogiram?

Ba dole ba ne. Casio fx-991 da ɗalibai ke riƙewa tana yin lissafin nan tsaf, kuma ina son kowa ya fara da ita, ya danna da hannunsa sau ashirin ko talatin har ya san me kowane alƙalami yake nufi.

Amfanin mai furogiram yana bayyana ne ranar da ka auna taurari uku da magariba, kowanne sau uku, ka gaji, sauro yana cizonka, kana danna lamba wajen hamsin a kowane awo. Nan hannu ke zamewa. Mai furogiram kuwa ka koya mata hanyar sau ɗaya, daga nan ita ke tambayarka: L nawa, d nawa, t nawa. Ka ba ta, ta ba ka amsa. Ba ta fi waccan iya lissafi ba. Wuraren da za ka yi kuskure ne ta rage.

Me zan duba kafin in ba da kuɗina?

Batir tukuna, kafin suna, kafin kyawun fuska. Na'urar da ke cin ƙananan pil irin na rimot, masu lamba AAA, ita ce tamu. Za ka same su a kasuwar Dole, za ka same su a teburin mai shago a Tanut ko Gure. Wadda sai an sa ta a caji kamar waya tana da kyau a ɗakin karatu, amma ranar da aka kwana biyu ba wuta, ko kana kan hanya, ta zama allo. Masu cin batir mai faɗi irin na agogo suna daɗewa, sai dai samun mai kyau ba kullum ba ne, kuma wanda ya shekara a rana kan tebur ya riga ya mutu rabi.

Na biyu, shin tana riƙe abin da ka rubuta mata in an cire batir? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na taɓa kwana uku ina shigar da furogiram a wata tsohuwar na'ura da na saya hannu, jikana ya zare pil ɗin ya sa a motarsa ta wasa, komai ya tafi. Tun daga ranar, duk abin da na rubuta a na'ura sai na kwafe shi a littafi da biro.

Na uku, maɓallin digiri da minti. A Casio shi ne mai alamar ° ' ". Alƙaluman wannan sana'a duka da digiri da minti suke zuwa, kuma minti 60 ne a digiri, ba 100 ba. Latitud ɗin Damagaram kusan 13°48' ne arewa, wanda yake daidai da 13.8. Wanda ya danna 13.48 ya ɗauke kansa ya kai kudu da fiye da kilomita 35 tun bai fara lissafi ba. In na'ura tana karɓar digiri da minti kai tsaye da maɓalli guda, ta raba ka da wannan ramin.

Daga nan sai fuskar. Baƙi da fari mara haske daga ciki ta fi karantuwa a tsakar rana kuma ba ta shan batir. Mai launi ta fi daɗi da dare. Tunda yawancinmu da rana za mu fara, na fi son ta farko, da dare a haska ƴar tocila. A ƙarshe murfi mai ƙarfi, saboda ƙura da aljihun babbar riga.

Girman ƙwaƙwalwa da saurin aiki, waɗanda masu talla suka fi ɗaga murya a kai, su ne na ƙarshe a wurina. Lissafin da ke sama bai cika layi ashirin ba.

Malam, ka faɗi suna kawai mana.

To. In ka sami Casio fx-5800P ta gaske, saya. Pil AAA ɗaya take ci, tana riƙe furogiram ko an canza shi, tana da wurin rubutu na bayit 28,500, wanda ya ishi lissafin tsayi da na ɓangare da na rana har da jerin taurari, kuma tana da maɓallin digiri da minti a fili. Masu awon filaye sun san ta, don haka in kana da aboki a wannan aikin, tambaye shi. Aibinta shi ne ba a haɗa ta da kwamfuta cikin sauƙi. Da yatsa za ka shigar da komai, ko ka kwafa daga wata irinta ta igiyar haɗi.

In ba ta samu ba, Casio Graph 35+E, wadda aka yi don makarantun da ke bin tsarin Faransa, ta fi sauƙin faɗowa hannun mutum a ƙasar nan, sau da yawa daga ɗalibin da ya gama da ita. Pil AAA huɗu take ci, fuskarta babba ce, kana ganin tambaya da amsa a lokaci guda, kuma ana haɗa ta da kwamfuta. Sabon samfurinta mai lamba II yana karɓar Python, wani harshen rubuta furogiram. Ta fi girma a aljihu, shi ke nan laifinta. Ƴar uwarta a kasuwannin da ke bin Ingilishi, kamar Kano, ita ce fx-9750.

TI-84 Plus ta Amurka, tsohon samfuri mai pil huɗu, ita ma ta isa, sai dai digiri da minti a ɓoye suke cikin jerin zaɓi, kuma sai ka tura furogiram ɗinka ma'ajiyar dindindin in kana son ya tsira daga mutuwar batir. TI-89 kuwa tana da wata falala: akwai manhajar sayarwa mai suna StarPilot da aka rubuta mata, da almanak a ciki da komai. Ga wanda zai hau teku da gaske, abu ne mai kyau. Ga mai koyo, ina ganin kamar a ba yaro amsar jarrabawa ne tun bai ga tambaya ba.

HP 35s tana da masoya, kuma na gane dalili, maɓallanta suna da daɗin dannawa. Amma an daina ƙera ta a 2021, batir biyu masu faɗi take ci, kuma wanda ya saba da Casio sai ya sake koyon tafiya. NumWorks da TI-83 Premium CE kyawawa ne, Python ɗinsu ya fi sauƙin karantawa, amma duka biyun ƴan caji ne. Ka koma ka karanta abin da na ce kan batir.

Na ga ana yabon Tamaya da HP-41 a intanet. In nema?

Don tarihi, nema. Don aiki, bari. Tamaya kamfanin Japan ne da ya yi na'urori musamman don matuƙa, irin su NC-77 ta ƙarshen shekarun 1970. HP-41C ta fito a 1979, ana cusa mata ɗan ƙaramin kwanso mai ɗauke da lissafin tuƙi, haka ma TI-59 ta 1977. A zamaninsu sun sauke wa matuƙa nauyin manyan littattafan jadawali. Yau sun haura shekara arba'in, masu tara kayan tarihi sun tsadantar da su, in ta lalace a Damagaram babu mai gyara, babu kayan gyara. Kuɗin da za ka zuba a kanta, ka ƙara a na sekistan.

Sai na sayi almanak kowace shekara, ko kalkuleta za ta iya riƙe shi?

Almanak na matuƙa ya fara fitowa a Ingila don shekarar 1767, kuma har yau ana buga shi shekara-shekara. Yana ba da rana, da wata, da taurari huɗu masu yawo, ciki har da Zara, da zaɓaɓɓun taurari 57 masu haske. Kawo shi nan da wuya, amma akwai irinsa na kyauta a intanet da mutum zai sauke ya buga shafukan watan da yake buƙata a wajen masu fotokofi.

Kalkuleta tana iya ɗaukar wani ɓangare. Akwai taƙaitaccen lissafin rana, layi goma sha wani abu, da ke ba da wurinta da kuskuren da bai wuce kusan 0.01 na digiri ba tsakanin 1950 da 2050. Wannan ya ishe mu, kuma kowace daga cikin na'urorin da na ambata za ta ɗauka. Taurari ma ba wuya, ka zaɓi goma da ka sani da ido ka shigar da alƙalumansu. Wata ne mai taurin kai. Tafiyarsa tana da karkace-karkace da yawa, sai an jera gyare-gyare masu ɗimbin yawa kafin a kama shi, kuma kuskuren lamba ɗaya a ciki ba zai nuna kansa ba sai ya ɓatar da kai. Wata da Zara, a bar wa takarda.

Shawarata ita ce shekarar farko ka yi aiki da shafin almanak. Bayan nan ka rubuta na rana, ka riƙa gwada shi da shafin har ka yarda da shi.

Wayata fa? Ai akwai manhajoji.

Akwai, wasu ma suna da kyau ƙwarai, kuma ina amfani da ɗaya don duba ko amsata ta yi daidai. Amma wayar da za ta yi maka lissafin tana da GPS a cikinta, ta riga ta san inda kake. In waya tana aiki, ba ka buƙatar rana. In ta mutu, manhajar ta mutu tare da ita. Kalkuleta ta ranar da waya ta yi shiru ce.

Ta yaya zan gane jabu a kasuwa?

Jabun Casio sun cika ko'ina, musamman na ƴan makaranta. Wasu ma suna lissafi daidai, amma maɓalli ya riƙa maƙalewa bayan wata biyu, ko ka danna sau ɗaya ya rubuta biyu. Ka riƙe ta ka ji nauyi, ka karkata fuskar ka ga ko rubutu yana ɓacewa, ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa mai kaya, "Alhaji, a ba ni minti biyar da ita," sannan ka yi wannan gwajin a gabansa.

Fara da sin 30. In ba ta ba ka 0.5 ba, ba a kan digiri take ba, sai a gyara saitin. Sannan ka sa L ya zama 13°48', d ya zama 20° kudu, wato da alamar ragi a gabansa, t kuma 30°. Amsar H ita ce 45°07.9'. Casio za ta nuna maka 45°7'52" da ɗan ɗigo, abu ɗaya ne, daƙiƙa 52 kusan kashi tara cikin goma na minti ne. In ka ga kusan 60°41', na'urar lafiyarta ƙalau, kai ne ka manta alamar ragi.

In mai furogiram ce, rubuta mata layi biyu, ka kashe, ka cire batir, ka maida, ka duba ko suna nan. Mai kayan da ya ƙi a yi wannan, ka yi masa sallama.

In rubuta furogiram da kaina ko in kwafi na wani?

Rubuta da kanka, ko da ka leƙa na wani. Na mutane da ke yawo a intanet yawanci an rubuta su ne da tunanin mai tuƙi a yamma da Girinic, inda ake rage lonjitud maimakon a ƙara. Wani ya ɗauki gabas a matsayin ragi, wani ya ɗauki yamma, kuma ba kullum suke faɗa ba. In ba kai ka gina ɗakin ba, ba ka san inda yake yoyo ba.

Tarko biyu ne ke kama kowa. Na farko alamar kudu da na ambata. Na biyu ɓangaren rana. Lissafinsa shi ne cos Z = (sin d − sin L × sin H) ÷ (cos L × cos H), amma kalkuleta ba ta san safe da yamma ba, kullum amsa tsakanin 0 da 180 za ta ba ka. Kai ne za ka gaya mata: in t bai kai 180 ba, rana ta riga ta karkata yamma, a cire Z daga 360. In ya wuce 180, a bar shi yadda yake. A misalin da ke sama Z ya fito 138.2, t kuwa 30 ne, don haka amsar gaskiya 221.8, kudu maso yamma, daidai inda ranar hunturu take bayan azahar. Wannan sharaɗin na "in kaza, to kaza" shi ne ainihin abin da ya raba mai furogiram da marar shi. Ka tabbatar wadda za ka saya tana da shi. Duk waɗanda na ambata suna da shi.

Ufuƙi fa? Nan duk gidaje ne da duwatsu.

Nan ne kwanon baƙin mai ya shigo. Ruwa ko mai da ke kwance a kwano shimfiɗe yake daidai, kuma rana tana bayyana a cikinsa. Sai ka auna kusurwar da ke tsakanin ranar sama da ta cikin kwano, ka cire kuskuren sekistan ɗinka, sannan ka raba biyu. Tsohon man inji ya fi ruwa, iska ba ta kaɗa shi da sauri. In ka ɗora hoton rana ɗaya daidai kan ɗayan, tsakiyarta ka auna, ba sai ka yi gyaran rabin faɗinta ba. Gyaran tsayin ido da matuƙan teku ke yi shi ma babu shi a nan, kuma wannan wani dalili ne na rubuta naka furogiram, domin na teku zai tambaye ka tsayin ido ya cire abin da bai kamata ba. Ka sa gilasan duhu a ɓangarorin biyu kafin ka kai ido. Ranar cikin mai ma tana ƙona ido.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wanda littattafan Turai ba su damu da shi ba. Sekistan yana auna kusan digiri 120 ne, don haka da kwano ba ka iya kama abin da ya ɗaga sama da digiri 60. Mu kuwa rana tana hawa tsakiyar ka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma a yawancin watanni ranar tsaka ta wuce 60 nesa. Daga farkon Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne kawai take sauka ƙasa da haka. A ƙarshen Disamba tana tsayawa kusan digiri 53. Awon tsakar rana, wanda ya fi kowanne sauƙi wajen fitar da latitud, na hunturu ne ke nan a wurinmu, in hazo ya bari. Sauran shekara, hantsi da la'asar.

Tauraron arewa kuma, da yake tsayinsa kusan daidai yake da latitud ɗin mutum, yana nan ƙasa-ƙasa a kusan digiri 14, inda ƙura ta fi kauri. A wannan tsayin iska tana lanƙwasa haske da kusan minti 4, kuma alƙaluman jadawali an yi su ne don sanyin digiri 10 a bakin teku. A zafinmu da tudunmu gyaran yana raguwa da kusan rabin minti. Layi ɗaya ne a furogiram, na'urar ta tambaye ka zafi ta gyara.

Agogo kuma wane iri?

Duniya tana juya digiri 15 a awa. Kuskuren daƙiƙa 4 ke nan yana kai ka minti ɗaya na lonjitud, kusan kilomita 1.8 a nan. Agogon roba mai arha irin Casio F-91W ya isa, duk da kamfanin ya ce yana iya gudu ko jinkirin daƙiƙa 30 a wata. Abin nema shi ne ka san halinsa: ka riƙa gwada shi da lokacin GPS kowace Juma'a, ka rubuta daƙiƙa nawa ya ƙara, kada ka taɓa saitinsa. Bayan wata biyu ka san nawa za ka cire.

Almanak da lokacin Girinic yake aiki, Nijar kuwa tana gaba da awa ɗaya. Wanda ya manta ya cire awar zai tsinci kansa fiye da kilomita 1600 daga gida. Ka saita agogon awo a kan Girinic, ka bar shi haka, ka sa wani a hannu don salla.

Zafi da ƙura ba za su kashe ta ba?

Takardar da ke zuwa da yawancin na'urorin nan tana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. Afrilu da Mayunmu suna wuce haka a inuwa ma. Ba ta mutuwa nan take, amma in ka bar ta a gaban mota fuskar za ta yi baƙi, pil kuma ya yi yoyo ya ci ƙarafan ciki. Ka auna a rana, ka rubuta a takarda, ka koma zaure ka yi lissafi. Leda mai zif ta ishi ƙura, ana ma iya dannawa ta cikinta. In za ka ajiye ta wata da watanni, cire pil.

Sekistan na roba, irin na Davis, ya fi kalkuleta jin zafi. Yana motsi kaɗan in ya ɗumama, don haka a duba kuskurensa kafin awo da bayan awo.

Kusa nawa zan iya zuwa da wurin gaskiya?

Ƙwararre mai sekistan na ƙarfe yana faɗawa cikin mil ɗaya ko biyu. Ni awona na farko daga soron gidana wajen Mirya ya kai ni, kuma da na bi sawu ba laifin kalkuleta ba ne, na raba kusurwa biyu kafin in cire kuskuren madubi, na kuma karanta agogo a makare. Kowace na'ura da na lissafa a sama tana ba da alƙaluma goma. Hannunka da idonka ba su kai huɗu ba.

Malam, ance ana fitar da alƙibla da ita?

Ana yi, kuma da furogiram ɗin nan dai, ba sai ka rubuta wani ba. Ka ɗauki Ka'aba a matsayin turken. Latitud ɗinta kusan 21°25' arewa, shi za ka sa a gurbin d. Lonjitud ɗinta kusan 39°50' gabas, namu kusan 8°59', bambancin 30°51' ke nan, kuma da yake tana gabas da mu sai ka cire shi daga 360 ka sa a gurbin t. Ɓangaren da zai fito kusan digiri 71 ne daga arewa ta gaskiya, wato gabas da ɗan karkata hagu. Ita ce arewar tauraro, ba ta allurar kamfas ba.

In kana son tabbatarwa ba tare da wata na'ura ba, rana tana tsayawa daidai kan Ka'aba sau biyu a shekara: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 agogon Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokacin ka kafa sanda a miƙe a tsakar gida, ka tsaya a ƙarshen inuwarta ka fuskanci sandar. Dattijon da ya zarge ni da duba ya zo mun yi tare a watan Mayu, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya ce in bar masa lambar a takarda zai kai wa liman.